Jinjiri Ya Isa Gari

Kwana uku ke nan Sammani tela yana fama da maki uku. Makin wani wasa ne da shi da abokansa suke yi duk ranar Alhamis bayan la'asar, a zauren Muntasir da ke bayan kasuwar Batsari. Takardar tana nan a kan keken ɗinkinsa, almakashi ya danne ta, ta yi baƙi-ƙirin saboda gogewa. Sai ya ɗinka hannun riga ɗaya ya tsaya ya dube ta, ya ɗinka ɗayan ya sake dubawa. Da masu kayan sun san abin da ke cinye musu lokaci, da tuni sun kwashe yadinsu sun kai wa wani.

Muntasir ne ya zo da wasan daga jami'a. Malamin firamare ne yanzu, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a Turance su ƙyale shi, don haka ya cika littafin rubutu biyu da dokokin wasan cikin Hausa. Shi ne mai ba da labari, shi ke ƙirƙiro gari da daji da dodanni, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya shiga labarin da shi. In mutuminka zai yi wani abu mai wuya, sai ka jefa wani ɗan ludo mai fuska ashirin da suke kira dutse. Lambar da ta fito a haɗa ta da makin mutumin naka, a ga ko ya yi nasara ko ya kwashi kashinsa a hannu. Da farko dattawan unguwa sun ce caca ce. Sai da liman ya zo ya zauna ya kalli rabin awa, ya ga ko sisi babu a tabarma, ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa wannan ba caca ba ce, rashin aikin yi ne kawai.

Mutumin Sammani mai sanɗa ne. A asalin dokokin ɓarawo ake ce masa, amma Muntasir ya ce ba a zaurensa ba, ba kuma a ƙasar Batsari ba, wani zai zauna yana cewa ni ne ɓarawo, ko da wasa. Sammani ya raɗa masa suna Jinjiri. Kowane mutum a wasan gida shida gare shi: ƙarfi, zafin nama, juriya, wayo, lura, da iya baki. Maki talatin ake ba ka ka raba musu yadda ka ga dama, sai dai ba gidan da zai wuce goma. Sammani ya raba nasa kamar yadda yake yanka yadi, ba ya barin ko ƙyalle ya tafi a banza. Zafin nama tara, lura takwas, wayo shida, juriya uku, iya baki biyu, ƙarfi biyu. Jinjiri ba ya dambe, ba ya kokawa. Yana ganin tarko tun kafin a taka, yana wucewa ta gaban mai gadi ba a ji takunsa ba, in kuma abu ya ɓaci shi ne farkon wanda za a nema a rasa.

Yanzu da labarin ya yi nisa, Muntasir ya ƙara wa kowa maki uku. Lissafin ba wani wuya gare shi ba, tun a awar farko Sammani ya gama shi. Ɗaya a zafin nama, biyu a lura, duka su cika goma, Jinjiri ya zama mai sanɗan da ba a taɓa yin irinsa a zauren ba. Amma duk lokacin da ya ɗauki fensir, sai ya ga hannunsa ya tafi gidan ƙarfi ya mayar da biyu biyar. Biyar kuwa ba komai ba ce. Ba ta mayar da Jinjiri ƙaƙƙarfa ba, ta dai hana shi cika. Sai ya goge, ya rubuta na daidai, can an jima ya sake gogewa.

Ya san dalili, kuma ba a wasan yake ba.

Wata bakwai da suka wuce, lokacin kaka, 'yan bindiga suka tare shi da amininsa Hamidu a hanyar Darini, ƙauyen da gonakinsu suke. Tun da aka taso daga ƙauyen aka dawo Batsari, a babur suke zuwa gona su komo kafin rana ta faɗi, ran nan kuwa ba su komo ba. Wajen kamun harsashi ya sami Hamidu a ƙwaurin hagu. Kwana goma sha tara suka yi a daji, ƙafar tana kumbura tana wari, zazzaɓi yana kayar da shi yana tayarwa. A rana ta goma sha tara, wajen azahar, jirgin sojoji ya wuce ƙasa-ƙasa, masu gadinsu suka watse cikin duhuwa kowa yana ta kansa. Sammani ya ga hanya ta buɗe. Hamidu ma ya gani, ya miƙo hannu ya ce, "Sammani, kama ni." Sammani ya dubi hannun, ya dubi ƙafar, ya dubi nisan bishiyoyin da zai kai kafin a dawo. Ya gudu shi kaɗai. Kwana biyu yana tafiya kafin ya ɓulla kusa da Runka, inda wata a-kori-kura ta ɗauke shi zuwa Safana.

Da aka kawo shi Batsari, ƙofar gidan Malam Maude, mahaifin Hamidu, ta cika maƙil. A gaban Malam Sammani ya yi karatun allo, shi da Hamidu a tabarma ɗaya. Nu'uman, ƙanin Hamidu, ya rungume shi yana kuka yana tambaya ina Yaya. Ido kusan ɗari a kansa. Sammani ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya yi mashi cikawa. A gabana." Bai rufe baki ba kukan mata ya tashi a cikin gida. Daga nan kuma ina mutum zai fara janyewa? Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Lambar wayar da 'yan bindigar suke kira da ita suna neman kuɗin fansa ba ta sake shiga ba, kowa ya ce ai ga shi nan. Zuwairatu, matar Hamidu, ta shiga takaba a kan shaidar Sammani, ta yi wata huɗu da kwana goma ta fita.

Ya daɗe yana lallashin kansa. Da irin wannan ƙafar, da irin wannan zazzaɓin, Hamidu ba zai kai kwana biyu ba, ya ce, ƙaryar tasa gaba kawai ta sha wa gaskiya da 'yan kwanaki. Da wannan yake samun barci, har ranar da aka sa ranar auren Zuwairatu da Nu'uman. Malam Maude da iyayen Zuwairatu suka ga bai kamata 'ya'yan Hamidu, Khaula da ƙaninta, su tashi a hannun bare ba, aka tuntuɓi Nu'uman, aka tuntuɓi Zuwairatu. Ta yi wata guda tana shawara kafin ta ce ta yarda. Juma'ar sama za a ɗaura. In Hamidu ya mutu, alheri ne aka ƙulla. In kuwa yana can wani wuri yana numfashi, to matar aure za a ɗaura wa aure da ƙanin mijinta, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san akwai wannan shakkar.

Ranar Laraba da hantsi Nu'uman ya shigo shagon da leda a hammata. Yana koyarwa a Islamiyyar mahaifinsa, a wasan kuma shi ne jarumi mai sulke. Suka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro farar shadda ya ajiye.

"Kaftani da wando, Yaya Sammani. Kada ka cika mashi ado, ba auren saurayi da budurwa ba ne."

Sammani ya ɗauko tef ya fara awo. Faɗin kafaɗar Nu'uman daidai yake da na Hamidu, bai ma buƙaci rubutawa ba. Nu'uman ya hango takardar a ƙarƙashin almakashi, ya jawo ta, ya fashe da dariya.

"Har yanzu ƙarfi biyu? Wanga Jinjiri naka ko tiyar gero ba ya iya ɗauka. In iska ta taso sai mun ɗaure shi da igiya."

"Ba aikinshi ba ne ɗaukar kaya," in ji Sammani. "Duk makin da ka sa wa mai sanɗa a ƙarfi ka zubar. Ko na ba shi ukun duka, biyar ce, kai kana da tara. Mi biyar za ta yi? Amma in na cika mashi zafin nama da lura, cikin jifa ashirin sau ɗaya kaɗai za a kama shi. Kowa da abin da aka gina shi don shi."

Ya ji muryarsa ta yi sama fiye da yadda maganar ta cancanta. Nu'uman bai lura ba. Ya mayar da takardar, ya dubi shaddar, sai ya ce a hankali, "Wallahi wani lokaci nauyin abin nan nike ji. Sai in tuna cewa kai ka gani da idonka, sai hankalina shi kwanta. Ko ba komai ya cika a gaban nashi, ba a gaban waɗancan kaɗai ba. Ita ma ta ce wannan ne ya fi sanyaya mata rai."

Sammani ya sa tef a baki kamar hannunsa ya cika, don kada ya amsa. Da Nu'uman ya fita, ya ɗauki biro, ba fensir ba, ya rubuta goma a zafin nama, goma a lura, ya bar ƙarfi a biyu. Ya ji tsanar kansa ƙarara, ya hau keke ya yi ta ɗinki har azahar bai ɗaga kai ba.

Ranar Alhamis suka hallara su huɗu. Na huɗun Mubarak ne mai gyaran waya, wanda ke riƙe da mai magani a wasan, kuma bakinsa ba ya hutawa. Zafi ake yi na gab da damina, Muntasir ya yayyafa ruwa a ƙasan zauren kafin ya shimfiɗa tabarma. Ya karɓi takardun kowa ya duba. Da ya zo kan ta Sammani ya gyaɗa kai.

"Wannan ya kai ƙarshe. Ban ga inda za a ƙara ba."

"A sa mashi ƙararrawa a wuya," in ji Mubarak, "in ba haka ba mu ma ba mu ƙara ganinshi."

Labarin ya kai su wani tsohon birni da ya rushe, inda wani dodo yake tsare da rijiya. Mai maganin Mubarak ya tsaya a bakin ganuwa yana tsaron jakuna, jarumin Nu'uman da Jinjiri suka shiga. Sammani ya yi wasa ran nan kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Jinjiri ya gano tarko uku ya kwance biyu, ya zare makulli daga ƙugun mai gadi yana tsaye a farke, ya hau katanga ya leƙo ya sauko. Duk jifar da ya yi, ko dutsen ya ba shi huɗu ko biyar, in an haɗa da goma sai ta wadatar. Mubarak har ya fara gunaguni cewa wasan ya daina daɗi, a ba su su ma su yi wani abu.

Sai dutsen ya juya wa Nu'uman baya. Ba Muntasir ne ya shirya ba, shi kansa sai da ya dafe kai. Jarumin ya zo tsallake tarkon da ya rage, Nu'uman ya jefa, ɗaya ta fito. Mashi ya soke shi a kafaɗa. Ya jefa don ya jure, biyu ta fito. Muntasir ya buɗe littafinsa ya duba, ya rufe.

"Jarumi ya faɗi, ba ya iya tashi. Ƙarar ta tayar da bayin dodo, kuna jin takunsu ta lungu biyu. Ƙofar ganuwa ta fara saukowa. Jinjiri, kai kaɗai ke tsaye. Mi za ka yi?"

Sammani ya dubi takardarsa. "In na ɗauke shi, nawa nike nema?"

"Mutum da sulkenshi? Ashirin da ɗaya. Ƙarfinka biyu, sai dutse ya ba ka sha tara ko ashirin. In ka faɗi, ku biyun an kama ku."

"In na fita ni kaɗai?"

"Sha biyu. Kana da goma. Komi ya fito ban da ɗaya, ka tsira."

"To mi ake jira?" in ji Mubarak. "Kwana nawa kana gina shi don irin wagga rana? Arce, malam!"

Sammani ya ɗauki dutsen ya riƙe. Yana jin kusurwoyinsa a tafin hannu. A ransa yana lissafin da bai da amfani: da ya bar biyar ɗin, da sha shida yake nema, sau biyar cikin ashirin. Ko da biyar ɗin ma faɗuwa ta fi yawa. Ya daɗe a haka har Muntasir ya ɗago ya dube shi.

Nu'uman ne ya katse shirun. Ya jingina da bango yana dariyar rashin sa'arsa, yana fifita da takardarsa.

"Haba Yaya Sammani, kada ka kashe mu mu biyu saboda kunya. Ka gudu mana, wa zai ga laifinka? Ba ka iya ɗaukata, kowa ya sani. Kai dai ka kai gari ka ce masu ina nan da raina, su ɗauko igiya da mutane su zo. In ka tsaya mun mutu tare. In ka tahi ina da sauran rabo."

Ya faɗe ta ne da sauƙi, kamar mai cewa a miƙo masa buta. Sammani kuwa sai ya ji kamar an ɗaga masa wani dutse daga ƙirji an ɗora wanda ya fi shi. Wata bakwai yana tuhumar ƙafafunsa, yana raba maki a takarda yana neman lissafin da zai ce masa da ya iya ko da bai iya ba. Ashe gudun kowa zai yafe masa, ga ƙanin Hamidu ma ya yafe tun bai sani ba. Abin da ya yi a ƙofar gidan Malam shi ne ba mai yafewa a madadin Hamidu. Da bakinsa ya hana a ɗauko igiya da mutane.

Ya saki dutsen. Bakwai.

"Jinjiri ya sulale ta ƙarƙashin ƙofa kafin ta rufe," in ji Muntasir. "Ya wuce mai magani da jakunanshi, ya yi ta gudu har gari. Mutane sun taru a dandali sun kewaye shi, suna tambaya ina jarumi. Mi zai ce masu?"

Ba wanda ya ɗauki tambayar da nauyi. Mubarak yana ɓare gyaɗa, Nu'uman yana gyara hula. Sammani ya dubi tabarma.

"Zai ce na baro shi da rai."

"Madalla," in ji Muntasir, ya ɗauki biro. "Sai sarkin garin ya..."

"Da rai na baro shi. Ƙafarshi ta hagu ta kumbura, ba ya iya takawa. Ya miƙo mani hannu ya ce in kama shi."

"A kafaɗa aka soke ni," in ji Nu'uman.

"Ba kai ba. Hamidu."

Gyaɗar da ke hannun Mubarak ta zube. Sammani bai tsaya ba, don ya san in ya tsaya ba zai ci gaba ba. Ya faɗi jirgin, ya faɗi hannun, ya faɗi abin da ya ce a ƙofar gida da dalilin da ya sa ya ce. Bai ga gawa ba, bai ga fitar rai ba, bai san komai ba bayan ya juya baya. Yana magana hawaye na zuba, bai share ba.

Nu'uman bai yi ihu ba. Fuskarsa ce ta riƙa sauyawa, ka ga kamar murna za ta fito sai baƙin ciki ya danne ta, sai fushi ya danne su duka. Ya so yayansa, kuma a 'yan watannin nan ya bar zuciyarsa ta fara son Zuwairatu, don an ce masa halal ne.

"Sake faɗi," ya ce. "Shina numfashi?"

"Shina numfashi. Shina magana."

"Kuma jiya ka auna ni." Muryarsa ta karye. "Ka sa mani tef a kafaɗa, kana ji ina gode maka. Da ka yi shiru kwana takwas, da na shiga ɗakin matar yayana."

Muntasir ya rufe littafinsa a hankali ya tattara takardun. Nu'uman ya miƙe ya sa takalmi, ya tsaya a bakin zaure bai waiwayo ba.

"Tashi. Ba ni za ka faɗa mawa ba. Malam na gida."

Suka bi ta bayan kasuwa, Nu'uman a gaba, Sammani a baya da tazarar taku biyar. Masu shaguna suna gaishe su, wani ma ya ɗaga murya yana tsokanar ango. Ba wanda ya amsa a cikinsu.

Malam Maude yana zaure a kan buzu, ɗalibai sun tashi, yana jiran magariba da carbi a hannu. Sammani ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da buzun, ya gaishe shi. Malam ya amsa, ya tambayi mahaifiyarsa da jikinta, sannan ya dubi fuskokinsu ya ajiye carbin. Sammani ya sake faɗin komai daga farko. Karo na biyun ya fi na farko wuya, don wannan tsohon ne ya koya masa alif.

Hamidu ɗan fari ne, Malam bai taɓa kiran sunansa ba, yau ma bai kira ba.

"Yaron nan," ya ce. "Ka ga ranshi ya fita, ko ba ka gani ba? Wannan kaɗai nike tambaya."

"Ban gani ba, Malam."

"To babu mamaci a shari'a, sai wanda ya ɓace. Aurenshi na nan." Ya juya ga Nu'uman. "Maganar Juma'a ta tashi. Gobe ka hau babur ka tahi Safana ka gaya ma iyayenta, kada su ji a bakin wani. Sauran kuma sai gaban alƙali, in ita ta so ta kai. Jiran na iya kai shekara huɗu."

Nu'uman ya ce to, kansa a ƙasa. Malam ya dubi Sammani. Sammani ya so a ce zaginsa ya yi, ko ya ɗauko dorinar da yake dukansu da ita suna yara.

"Gudun da ka yi, ni ba ni ce maka komi a kai, ban san mi zan yi ba da ni ne. Ɗaya maganar kuwa ba ni aka fi zalunta ba." Ya ɗaga murya kaɗan zuwa cikin gida. "Hansai! Turo mani uwar Khaula ta tsaya nan bakin ƙofa."

Tun da iyayen Zuwairatu suka baro garinsu Zakka suka takura a ɗaki ɗaya a Safana, Malam ya ce ta zauna wajen matarsa Hansai da 'ya'yanta. Aka ji takunta, sannan asabarin da ke ƙofar cikin gida ya motsa. Ba ta fito ba. Ƙafafunta kaɗai ake gani ta ƙasa, da sabon lalle da aka fara sa mata. Ta gaida Malam, ya amsa, ya ce Sammani na da magana da ita.

Karo na uku ke nan, kuma a wannan karon ya gajarta, don babu sauran abin da zai kare kansa da shi. A waje ladan ya fara gwada lasifika.

"Yaya Sammani," ta ce. Muryarta ba ta rawa. "Da ka baro Baban Khaula, akwai ruwa kusa da shi?"

"Akwai jarka. Da saura kaɗan a ciki."

"Hannunshi na kaiwa?"

Sammani ya rufe ido ya duba. "Shina kaiwa."

Ya jira kuka, ko tsinuwa, ya ma shirya karɓa. Da ta sake magana, a hankali ta yi, kamar mai lissafa wa kanta.

"Wata bakwai ina sallah ina roƙa mashi sanyin kabari. Na roƙa a yalwata mashi, na roƙa a sauƙaƙa mashi tambaya. Na koya ma ɗiyanshi su ma. Ko sau ɗaya ban roƙi Allah shi maido mani shi ba, don ka ce ya tahi. In shina can, wata bakwai ba mai kiranshi gida."

"Ki yafe mani," in ji Sammani, da ƙyar.

"Ba yau ba," ta ce. "Ban sani ba ko yaushe."

Asabarin ya koma daidai, ƙafafun suka juya. Malam ya ɗauki butarsa amma bai tashi ba, Nu'uman ya rufe fuska da tafukansa. Daga tsakar gida suka ji ta tana kiran 'yarta, da muryar da uwa ke kiran yaro cin abinci.

"Khaula, bar wasan nan ki zo ki yi alwala. Addu'ar da kike ma babanki, daga yau wata za mu riƙa yi."